Takardar Tara

A gindin bangon tashar Tawa nake sayar da shayi,
ni Tankari ɗan Bizo, wanda kurmi ya tauna ya tofar.
Cikin aljihun taguwata akwai takarda mai ninki huɗu,
ta fi katin shaidata tsufa,
ta fi shi sanin ko ni wane ne.

Shekara goma sha bakwai na yi a bakin teku
ina auna albasar Adar ga mutanen da ba su san fari ba.
Da ƴan ƙasa ɗaya suka ja daga,
ni ban ja da kowa ba.
Sai dai unguwar da nake haya ita aka ci,
kuma kura in ta faɗa garke
ba ta tambayar wace ce akuyar aro.

Da bindiga ta yi shiru, alƙalami ya karɓi aiki.
Aka kafa tebur a farfajiyar lakwal,
inda dā yara ke rera ƙidaya.
Wani saurayi mai tabarau, ko gemu bai tsiro masa ba,
yana lasar yatsa yana juya shafi:
kowace ƙofa jika hamsin,
kowane namiji da ya isa saɓa bindiga jika ɗari,
ko ya saɓa ko bai saɓa ba.
Wanda ya mutu, danginsa su biya harsashin da ya ci.

Maƙwabciyata, tsohuwa mai suyar kifi,
ta kwance bakin zane ta zazzage.
Bai kai ba.
Ta kawo kasko, ta kawo keken ɗinkin ƴarta,
ta sa aka ɓamɓaro kwanon rufin ɗaki.
Saurayin ya ce saura na ɗanta na biyu.
Ta ce, “Wancan ai a ɓangarenku ya faɗi.”
Ya bi layi da yatsa, ya sake bi,
ya ce, “Ba a rubuta ba, iya.”

Ni na ce baƙo ne, ga takarduna.
Suka ce, “Wata tara da muka tsare su,
miyar da ta riƙe musu rai, da albasar wa aka yi ta?”
Aka sa mini suna mai ciyar da maƙiya.
Buhu arba'in, da sikeli, da rediyo,
da kuɗin rijiyar garka da na yi wa tsohuwata alkawari,
masu kwana cikin gwangwanin madara.
Ya buga hatimi, ya miƙo mini da hannu biyu,
har da ladabi,
wai in adana, kada gobe a sake tambayata.

Na adana.

Jiya ƴan kabu-kabu sun cika bencina,
rediyo na cewa wani yaƙi ya ƙare a wata ƙasa.
Ɗaya ya buga kofi a katako:
“A tatse su! Su ji a jikinsu!”
Na ƙara masa sukari, ban ce uffan ba.

Da dare Arzika, autana, ya karanta mini ita a hasken tocila,
ya ce, “Baba, mai rubutun nan hannunsa da kyau.”
Da kyau kam.
Ni abin da ke hana ni barci ba buhunan ba ne.
Jikan tsohuwar nan ne, ɗan shekara shida,
tsaye a gefen tebur, yatsa cikin baki,
idonsa na bin kowace dala daga hannun kakarsa zuwa akwati,
leɓensa na motsi.

Ƙidaya yake koyo.
Yanzu ya isa saɓa bindiga,
kuma ban taɓa jin ya manta lissafi ba.